Yadda Ake Auna Littafin Jami'a Kan Kuɗi, Bashi da Banki Kafin a Ɗora Ɗalibai a Kansa

A farkon kowane zangon karatu, malamin da aka ba darasin kuɗi da harkar banki yakan tsaya gaban littattafai uku ko huɗu, dole ya zaɓi guda wanda zai rubuta sunansa a takardar tsarin darasi. Sau da yawa zaɓin yakan faɗa kan littafin da shi kansa aka karantar da shi da shi, ko wanda ya fi kauri, ko wanda sunan marubucinsa ya fi amo. Babu ɗaya daga cikin waɗannan dalilai da ke nuna cewa littafin zai amfani ɗalibi. Ma'aunin da nake ganin ya kamata a riƙe shi ne wannan: idan ɗalibi ya gama littafin, zai iya ɗaukar rahoton shekara na wani banki da sanarwar babban bankin ƙasarsa ya karanta, ya gane abin da ake faɗa da dalilin da ya sa aka faɗe shi? Matakan da ke tafe duk hanya ce ta gano amsar wannan tambaya kafin a ɓata wa ɗalibai zango guda. Suna amfanar malami, da ma'aikacin laburare mai sayo littattafai, da ɗalibin da ke da kuɗin littafi ɗaya tak.

Mataki na farko: ka san wanda zai karanta

Kafin ka buɗe kowane littafi, ka rubuta a takarda abubuwa biyar ko shida da kake son ɗalibi ya iya yi da hannunsa a ƙarshen zango. Ɗalibin aji biyu a sashen tattalin arziki da ɗalibin aji huɗu a sashen banki da hada-hadar kuɗi ba littafi ɗaya suke buƙata ba, domin na farko yana neman fahimtar yadda kuɗi ke shafar farashi da aikin yi, na biyu kuwa yana neman sanin yadda ake gudanar da banki daga ciki. A Najeriya ka ajiye manhajar hukumar kula da jami'o'i ta NUC kusa da kai. Sabuwar manhajar da ta fito a ƙarshen 2022 ta tsara kashi 70 cikin ɗari na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30, kuma wannan kason da aka bari shi ne gurbin da za ka cike da abin da littafin waje ba zai taɓa kawo maka ba. Ka kuma ƙirga makonnin da za ka samu a zahiri, domin littafi mai babi 25 ba ya shiga cikin mako 13.

Mataki na biyu: ka gano shekarun littafin na gaskiya

Shekarar da aka buga a bango ba ita ce shekarun littafi ba. Akwai littattafan da ake sake bugawa kowace shekara biyu da sabon bango, alhali cikinsu bai motsa ba tun shekaru ashirin. Hanyar ganowa ita ce ka tafi fihirisar ƙarshen littafi ka nemi wasu abubuwa ƙayyadaddu.

Idan littafin waje ne, ka duba yadda ya yi da rikicin kuɗi na 2007 zuwa 2008 da durƙushewar bankin Lehman Brothers na Amurka a watan Satumbar 2008: an saƙa shi cikin babobin, ko kuwa an liƙa shi ne a wani ɗan akwati a gefen shafi? Ka duba ko ya san cewa babban bankin Amurka ya fara biyan bankuna kuɗin ruwa a kan ajiyarsu a wurinsa tun 2008, kuma ya sauke kason ajiyar dole, wato kason ajiyar mutane da ake wajabta wa banki ya ware, zuwa sifili a watan Maris na 2020. Ka duba ƙa'idojin Basel na duniya kan jarin bankuna: na farko ya fito a 1988, na biyu a 2004, na uku a 2010. Littafin da ya tsaya a na biyu ya tsufa. Haka wanda har yanzu yake koyar da LIBOR a matsayin ma'aunin kuɗin ruwa na duniya, alhali an yi ritayarsa, kashin ƙarshe na dala ya tsaya a tsakiyar 2023.

Idan littafin gida ne, alamomin sun fi sauƙin gani. A 2004 babban bankin Najeriya a ƙarƙashin Charles Soludo ya ɗaga mafi ƙarancin jarin banki zuwa naira biliyan 25, bankuna suka ragu daga 89 zuwa 25 a ƙarshen 2005. A ƙarshen 2006 aka maye gurbin tsohon ma'aunin kuɗin ruwa na MRR da MPR. A 2009 Sanusi Lamido Sanusi ya sauke shugabannin wasu bankuna aka zuba musu naira biliyan 620, sannan aka kafa hukumar AMCON a 2010 don ta saye basussukan da suka lalace. An sabunta dokar bankuna ta BOFIA a 2020. A 2024 aka sake ɗaga jari zuwa naira biliyan 500 ga bankin kasuwanci mai lasisin ƙasa da ƙasa, hukumar inshorar ajiya ta NDIC kuma ta ɗaga abin da take lamuncewa kowane mai ajiya daga naira dubu 500 zuwa miliyan 5. Ka ga inda littafin ya tsaya a wannan jerin, nan ne shekarunsa na gaskiya. Tsufa kaɗai ba ya kashe littafi, domin babin darajar kuɗi a kan lokaci ba ya ruɓewa, amma wajibi ne ka san babobin da za ka sabunta da kanka.

Mataki na uku: babin da ke bayyana inda kuɗi ke fitowa

Idan lokacinka bai wuce na karanta babi ɗaya ba, wannan za ka karanta, kuma ka karanta shi da biro a hannu. A nan ne ake rabe tsaki da tsakuwa.

Tsohon bayanin da yawancinmu muka haddace yana cewa: mutum ya kai naira dubu 100 banki, banki ya ware kashi 10 cikin ɗari a matsayin ajiyar dole, ya ranta dubu 90, wanda ya karɓa ya kai wani banki, shi ma ya ware dubu 9 ya ranta dubu 81, haka ake ta yi har dubu ɗarin nan ta zama miliyan guda. Daga nan sai a ba ɗalibi lissafin ninki, wato ɗaya a raba da kason ajiya, a ce masa babban banki ne ke riƙe da linzami, in ya ƙara kuɗin tushe, wato tsaba da ajiyar bankuna a wurinsa, sai kuɗin ƙasa su ninku da kansu. Lissafin yana da daɗin koyarwa da daɗin fitarwa a jarrabawa. Matsalarsa ita ce ya juya tsarin abin da ke faruwa a banki, ya sa wutsiya a gaba.

Ga yadda abin yake. Ɗan kasuwa a Kantin Kwari ya nemi rancen naira miliyan 10, banki ya amince. Ma'aikacin banki ba ya shiga ma'ajiya ya ɗebo kuɗin wani mai ajiya ya miƙa masa. Rubutu biyu yake yi a lokaci guda: a ɓangaren kadarorin banki ya rubuta bashin miliyan 10 da ake bin ɗan kasuwa, a ɓangaren abin da ake bin banki ya rubuta ajiyar miliyan 10 a asusun ɗan kasuwar. Wannan ajiyar sabon kuɗi ne da babu shi jiya. Ranar da ya biya bashin, kuɗin sun ɓace kamar yadda suka zo. Wato rance ne ke haifar da ajiya. Wannan ba ra'ayin 'yan gefe ba ne: babban bankin Ingila ya bayyana shi ƙarara a mujallarsa a 2014, babban bankin Jamus ma ya maimaita a 2017.

Littafin kirki ba zai tsaya nan ba, domin ɗalibi mai kaifin basira zai tambaya: to me ya hana banki ya yi ta ƙirƙirar kuɗi ba iyaka? Ka nemi amsar a babin. Idan ɗan kasuwar ya tura kuɗin ga mai kawo masa kaya wanda asusunsa ke wani banki, dole bankin farko ya biya na biyu da ajiyarsa da ke babban banki, kuma in ba ta isa ba sai ya ranto ta da kuɗin ruwa. Ga ƙa'idar jari, wadda a Najeriya ta wajabta wa banki riƙe jarin kansa na kashi 10 ko 15 cikin ɗari na kadarorinsa masu haɗari, gwargwadon irin lasisinsa. Ga tsoron kada mai karɓar rance ya kasa biya. Ga kuma buƙatar a samu wanda ke son rancen a farashin da aka yanka. Waɗannan su ne linzami na gaskiya, kuma babban banki yana jan su ne galibi ta hanyar farashin kuɗi, wato kuɗin ruwa.

Ƙasarmu ta ba mu hujjoji biyu da za ka iya gwada littafi da su. A 2019 babban bankin Najeriya ya tilasta wa bankuna su ba da rancen da bai gaza kashi 60, daga baya 65, cikin ɗari na ajiyar da ke hannunsu ba. Da a ce bankuna suna rantar da duk abin da ya saura kai tsaye kamar yadda lissafin ninki ke cewa, da babu buƙatar tilastawa. Sun fi son sayen takardun lamunin gwamnati ne, domin ribarsu ta tabbata. A ɗaya gefen kuma, kason ajiyar dole da Amurka ta soke, a Najeriya ya kai kashi 50 cikin ɗari a watan Satumbar 2024, kuma yana ciwo sosai a jikin bankuna. Saboda haka littafin da ya ce kason ajiyar dole ya zama tarihi, shi ma bai faɗi gaskiyar inda muke ba.

Hukuncina a nan shi ne: ba a yar da littafi don kawai ya kawo lissafin ninki, tunda ɗalibi zai haɗu da shi a jarrabawa da tsofaffin rubuce-rubuce. Amma in ya kawo shi a matsayin ainihin yadda banki ke aiki, bai yi ko da hannunka mai sanda ga iyakarsa ba, to kada ya zama littafin da za a dogara da shi. Ka kuma lura ko marubucin yana zana jadawalin kadara da bashi ga kowace hada-hada. Ɗalibin da ya saba da wannan jadawali mai ɓangare biyu ba a ruɗa shi da surutu.

A wannan babin ne kuma za ka ga yadda littafin ya fassara kuɗi kansa. Ƙarancin takardun naira da ya biyo bayan sauya fasalin 200 da 500 da 1000 a ƙarshen 2022 ya koya wa kowa cewa tsabar kuɗi daban, ajiyar asusu daban, har ta kai mutane suna biyan masu POS lada mai tsoka don su mayar musu da ajiyar asusu zuwa tsaba. Littafin da ya bambance tsaba, da ajiyar mutane a banki, da ajiyar bankuna a babban banki, zai sa ɗalibi ya fahimci abin da ya faru a wancan lokacin. Mu ma muna da tarihin da ya dace da wannan babi, wanda ba kasafai ake samunsa a littafin waje ba. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce. Wurin nan daga tsibiran Maldives na Tekun Indiya ake kawo shi, kuma da 'yan kasuwar Turai suka fara jibgo wani nau'i mai araha daga gaɓar gabashin Afirka a ƙarni na 19, sai darajarsa ta zube. Babu misalin hauhawar farashi saboda yawaitar kuɗi da ya fi wannan kusa da ɗalibinmu.

Mataki na huɗu: ka yi lissafin da hannunka

Ka tafi babin kuɗin ruwa, ka zaɓi tambayoyi biyar daga ƙarshensa, ka warware su kamar kai ne ɗalibin. Da haka za ka gane ko abin da babin ya koyar ya isa a amsa tambayoyinsa, da ko amsoshin da aka bayar daidai ne. Kurakuran bugu a cikin lissafi sun fi yawa fiye da yadda ake zato, kuma ɗalibi yakan zargi kansa ne kafin ya zargi littafi.

Abu uku nake nema a nan. Na farko, dangantakar farashin takardar lamuni da kuɗin ruwa. Takardar da za ta biya naira dubu 100 bayan shekara guda, in kuɗin ruwa kashi 10 ne, darajarta a yau 90,909. In ya hau zuwa kashi 25, darajarta ta sauko zuwa 80,000. Wannan ɗan lissafin shi ne asalin abin da ya karya Silicon Valley Bank a watan Maris na 2023, domin ya tara takardun lamuni masu dogon zango, kuɗin ruwa ya tashi, darajarsu ta faɗi. Na biyu, bambancin kuɗin ruwa na wata da na shekara. Rancen da ake cewa kashi 5 ne kacal a wata, in ana tara ruwa a kan ruwa ya kusa kashi 80 a shekara, kuma duk wanda ya taɓa mu'amala da manhajojin rance na waya ya san amfanin wannan sani.

Na uku shi ne inda littattafan ƙasashe masu lafiyayyen farashi ke tuntuɓe. Suna koyar da cewa kuɗin ruwa na haƙiƙa shi ne wanda aka rubuta a cire hauhawar farashi. Wannan kintace ne da ke aiki idan alƙaluman ƙanana ne. A ƙasar da hauhawar farashi ta haura kashi 30 kamar Najeriya a 2024, sai ya kauce. Wanda ya ajiye dubu 100 a kan kashi 10 zai karɓi dubu 110, kayan da dā yake saya dubu 100 sun koma dubu 130. Hasararsa kusan kashi 15 ce, kintacen kuma zai ce 20. Ka duba ko littafin ya ba da cikakken lissafin, ko ya bar ɗalibi da kintacen kaɗai.

Mataki na biyar: bashi da amana

Littattafai da dama sunansu ya ambaci bashi amma cikinsu ya wuce shi da gudu. Tambayar da za ka tunkari babin da ita ita ce: me ya sa banki ke ƙin ba mutum rance ko da ya yarda zai biya kuɗin ruwa mai yawa? Amsar tana cikin rashin daidaiton sani, domin mai neman rance ya fi banki sanin halin da yake ciki da niyyarsa. George Akerlof ya buɗe wannan fagen a 1970, Joseph Stiglitz da Andrew Weiss suka nuna a 1981 cewa ɗaga kuɗin ruwa yakan kori masu gaskiya ya bar masu kasada, shi ya sa banki ya gwammace ya hana rancen ɗungurungum. Daga wannan tushe ne jingina da mai tsayawa da tarihin biyan bashi suke samun ma'ana. Littafin da ya jera sharuɗɗan ba da rance don hadda bai faɗi matsalar da kowanne ke magancewa ba, ya yi tuya ya manta da albasa.

Gwajin da nake so shi ne in tambayi kaina ko ɗalibi zai iya ɗaukar ka'idar babin ya bayyana adashe da ita. Me ya sa uwar adashe ke karɓar kuɗin mutane ba jingina, ba takarda, kuma mafi yawan lokaci zubi ba ya karyewa? Domin ta san kowa, kuma wanda ya ci amana ba shi da inda zai sa fuskarsa a unguwa. Me ya sa dillali a kasuwa ke ba da kaya a biya bayan an sayar? Idan ka'idar littafin za ta iya ɗaukar waɗannan, ko da bai ambace su ba, to ka'idar tana da rai.

A nan kuma ka duba bayanin rububin cire kuɗi. Banki yana karɓar ajiyar da ake iya nema kowace rana ya zuba ta a rancen shekaru, saboda haka ko lafiyayyen banki yana iya faɗuwa in kowa ya zo karɓar nasa rana ɗaya. Douglas Diamond da Philip Dybvig sun tsara wannan a 1983, suka sami kyautar Nobel tare da Ben Bernanke a 2022. Daga nan ya kamata littafin ya kai ɗalibi ga dalilin inshorar ajiya da illarta, wato sakacin da takan jawo, yadda zai fahimci aikin NDIC lokacin da aka soke lasisin Heritage Bank a watan Yunin 2024.

Mataki na shida: babban bankin wa ake koyarwa?

Littattafan da suka fi yawo a duniya, irin na Frederic Mishkin, an rubuta su ne don ɗalibin Amurka, kuma wannan ba aibi ba ne a wurin marubutansu. Amma ka ƙirga shafukan da suka tafi kan tsarin babban bankin Amurka da rassansa 12, ka san cewa mafi yawansu ba za su shiga darasinka ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne abin da irin waɗannan littattafai ke ɗauka tamkar kowa haka yake: cewa gwamnati tana ciwo bashi da kuɗin ƙasarta, cewa canjin kuɗi ƙaramin al'amari ne da za a bari sai babin ƙarshe, cewa kusan kowa yana da asusun banki.

A Najeriya farashin dala yana kusa da zama rabin darasin. Ɗalibi yana buƙatar gane dalilin da ya sa aka daɗe ana samun farashin hukuma da na 'yan canji, da abin da ya biyo bayan haɗe kasuwannin canji a watan Yunin 2023. Yana buƙatar sanin abin da ke faruwa idan babban banki ya zama mai ranta wa gwamnati: dokar 2007 ta ƙayyade wannan rance a kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, amma ya taru har naira tiriliyan 22.7 da aka mayar takardun lamuni a 2023. Ɗalibin Maraɗi ko Damagaram kuwa babban bankinsa BCEAO ne, mai hedikwata a Dakar, wanda ƙasashe 8 suka yi tarayya a kansa, kuma an ɗaure sefa da yuro, yuro ɗaya a kan sefa 655.957. Na Garwa ko Njamena yana ƙarƙashin BEAC da ke Yawunde. Ga waɗannan, babin da ya fi kowanne nauyi shi ne wanda ke bayyana cewa ƙasa ba ta iya haɗa ɗaurarren canji da buɗaɗɗiyar zirga-zirgar jari da 'yancin yanka kuɗin ruwanta a lokaci guda, tare da labarin karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994. Ka duba ko littafin ya ba wannan ka'ida haƙƙinta, kuma ka matso da babin gaba in an kai shi ƙarshe.

Sai batun bankin da ba ruwa. A ajinmu akwai ɗalibai da yawa da ke ɗaukar kuɗin ruwa haramun, kuma wasunsu za su yi aiki a irin waɗannan bankuna, tunda bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, wasu suka biyo baya, gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk, wato takardun lamuni na Musulunci, na farko na naira biliyan 100 a 2017 don gina hanyoyi, Sudan kuma gaba ɗaya tsarin bankinta na Musulunci ne. Littafin da ya taɓo batun, ka auna shi da ma'auni mai tsauri kamar sauran babobi. Jera nau'o'in mu'amala irin su murabaha da mudaraba da musharaka da ijara tare da ma'anoninsu bai wadatar ba. Ya nuna yadda kowannensu ke zama a jadawalin banki, wa ke ɗaukar hasara in ta zo, da yadda irin wannan banki ke samun kuɗin gaggawa tunda ba ya ranta da ruwa.

Mataki na bakwai: adalcin marubuci

Masana sun yi saɓani na gaske a wannan fanni, tun daga Keynes a 1936 zuwa Milton Friedman da mabiyansa, har zuwa masu bin tsarin saita hauhawar farashi da New Zealand ta fara a 1990. Ba laifi marubuci ya kasance da ɓangare, amma ya faɗi hujjar abokin saɓaninsa yadda shi mai hujjar zai yarda da ita. Ka zaɓi jadawalin alƙaluma biyu ka bi sawunsu zuwa inda aka ce an samo su. In babu tushe, ko tushen bai dace da abin da aka rubuta ba, ka yi hattara da sauran. Ka kuma ɗauki sakin layi biyu daga tsakiyar littafin gida ka nema a intanet, domin akwai waɗanda aka haɗa su daga guntayen littattafan wasu, kuma alamarsu ita ce salon rubutu yana sauyawa daga shafi zuwa shafi.

Mataki na takwas: ka kai shi gaban ɗalibai

Ka ba ɗalibai huɗu ko biyar shafi goma, ka tabbata akwai masu rauni a cikinsu, su karanta su dawo su bayyana maka da bakinsu, da Hausa ma in sun fi sakewa. Wanda ya iya faɗin abu da harshen gida ya gane shi. Wanda ya maimaita jimlolin littafi hadda ya yi. Sannan ka tambayi farashi da samuwa. Littafin da kwafi ɗaya ne a laburare ga aji mai ɗalibi 200 sunansa kawai za su sani, kuma bugun da ya gabaci na yanzu sau da yawa ya wadatar in ka san babobin da suka canja. In kai ne marubucin ɗaya daga cikin littattafan da ake aunawa, ka bar wani malami ya yi hukunci, kuma kada sayen littafin ya shiga lissafin maki ta kowace fuska.

Galibi sakamakon ba ya fitar da littafi ɗaya da ya cika komai. Abin da yakan yiwu shi ne a ɗauki mai ƙarfin ka'ida ya zama ginshiƙi, a haɗa shi da na gida mai bayanin hukumomi da dokoki, a cike saura da takardun da ake samu kyauta a shafukan babban banki da NDIC da rahoton shekara na banki ɗaya da aka zaɓa. Kafin ka rubuta sunan ginshiƙin a takardar tsarin darasi, ka sauko da sanarwar zaman ƙarshe na kwamitin manufofin kuɗi, na Abuja ko na Dakar, ka ja layi a ƙarƙashin kowace kalmar fanni da kowane mataki da aka ɗauka, ka rubuta lambar shafin littafin da ya bayyana shi a gefe. Duk layin da ya rage babu lambar shafi, ka ware masa mako a jadawalinka da takardar da za ka raba wa aji a kansa.